Gargaɗi kan masu sayar da "sabuwar BlackBerry mai Android": sun damfare mu

Assalamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan ina juya wannan magana a raina, ko in rubuta ko in bar wa Allah. Amma jiya da dare na sake cin karo da bidiyon mutumin da ya damfare mu yana tallar wayar, mutane kuma suna ta neman ya turo musu lambar asusu, sai na ga idan na yi shiru akwai alhakin wasu a kaina.

Mahaifinmu yadi yake sayarwa a Kantin Kwari, shekarunsa sun haura sittin. Tun zamanin Nokia E71 ya saba da waya mai madannai irin na kwamfuta, daga baya ya koma BlackBerry, ya daɗe da ita har sai da ta daina amfani. Wayar shafawa ba ta taɓa kwanta masa ba. Yatsunsa manya ne, idan ya nufi wannan harafi sai na kusa da shi ya fito. Akwai ranar da ya tura wa wani abokin cinikinsa na Maraɗi lambar asusu da kuskuren lamba ɗaya, Allah ne ya kiyaye mutumin ya duba suna kafin ya tura kuɗin. Tun daga nan kullum maganarsa ita ce, "Ku nemo min mai madannai wadda za ta yi WhatsApp."

To a haka na ga bidiyon a TikTok. Hannu ne kawai yake riƙe da waya baƙa mai kyau, siffar BlackBerry sak, ana buɗe WhatsApp da YouTube a cikinta, murya kuma tana bayani da Hausa cewa wannan ita ce wadda aka sabunta, Android ce a ciki, tana ɗaukar manhajar banki, saura guda bakwai kacal. Farashi naira dubu 95. Na yi masa magana, ya amsa nan take da ladabi, "ranka ya daɗe" a kowane saƙo. Ya ce kayan suna Legas, in tura dubu 50 ya ba direba, in cika sauran idan ta iso. Na tura. Bayan kwana biyu direba ya kira ni daga tasha, na je, ya ce shi umarnin da aka ba shi kada ya saki ƙunshin sai mai kaya ya ce ya ga alat. Ban ga laifin direban ba, saƙo aka ba shi kawai. Na tura cikon dubu 45, na karɓi kwali naɗe da salatif, na kai wa Baba ina murna.

Da daddare muka kunna. Hoton WhatsApp yana nan a allon, amma da ka taɓa sai ya buɗe ya rufe. Babu Play Store ko kaɗan. Cajin da ta zo da shi bai kai awa biyu ba ya ƙare. Da safe na kai ta wajen wani mai gyaran waya a Farm Center da muka daɗe da shi. Ko kunna ta bai yi ba, juya ta kawai ya yi ya kalli wajen sa caja, ya ce, "Alhaji, wannan ai Classic ce, Q20. Tsohuwa ce, riga kawai aka sauya mata."

Shi ne ya warware min yadda abin yake, ni ma daga baya na bi diddigi na tabbatar. BlackBerry Classic a ƙarshen 2014 ta fito, kuma ba Android ba ce, tsarin BlackBerry 10 take amfani da shi. WhatsApp ya daina aiki a wannan tsarin tun ƙarshen 2017. BBM da muka sani, manhajar hira ta BlackBerry wadda ake musayar PIN, an rufe na Android da iPhone a watan Mayun 2019. Sannan a ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin BlackBerry da kansa ya kashe hidimomin da waɗannan tsofaffin wayoyi suka dogara da su, ya kuma faɗa ƙarara cewa kada a ƙara dogaro da su ko a kira da saƙon tes. Wato abin da na biya dubu 95 a kansa waya ce mai shekara goma da ɗoriya, da batirinta na asali wanda ba a cire shi da hannu.

Da na kira mai kayan, bai musa ba da farko. Cewa ya yi ai tana cin manhajar Android, ni ne ban iya sakawa ba. Nan ne wayonsu yake, domin akwai ƙanshin gaskiya a maganar. Tsarin BlackBerry 10 yana iya buɗe wasu tsofaffin manhajojin Android, amma iyakarsa Android 4.3, shi kuwa WhatsApp tun 2023 ya daina aiki a duk Android ɗin da bai kai 5.0 ba. Manhajar banki kam ba a ma maganarta. Da na ce masa ya dawo min da kuɗina in mayar masa da kayansa, sai ya ce in bari ya yi magana da ogansa. Kafin la'asar ya toshe ni ko'ina.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wayar da ke cikin bidiyon gaskiya ce, akwai ta. Wani ƙaramin kamfani a Sin mai suna Zinwa ya fara a 2025 yana ɗaukar tsohuwar Classic ya cire injinta ya sa sabo, mai Android da ma'adana gigabait 256, ya kira ta Q25. Farashinta a 2025 kusan dala 400 ne, wato sama da naira dubu 500 kafin ma a yi maganar kuɗin kawowa. Bidiyon wannan wayar 'yan damfarar suke ɗaukowa su ɗora muryarsu a kai, su aiko maka da tsohuwar da ba a taɓa cikinta ba, tunda daga waje kusan ba ka bambance su. Da na san farashin ta gaskiyar tun farko, da dubu 95 kaɗai ta isa ta tsayar da ni.

Bambancin da mai gyaran ya gani cikin daƙiƙa biyu shi ne wajen caja. Wadda aka sabunta tana da USB-C, irin na wayoyin yanzu da ake sa shi ta kowane ɓangare, tsohuwar kuwa ƙaramin bakin nan ne na da. Ku fara duba wannan. Sannan ku nemi Play Store da idonku, ku sa layinku ku yi rajistar WhatsApp har lambar sirri ta shigo, ku danna *#06# ku gwada lambar shaidar waya (IMEI) da za ta fito da wadda ke jikin kwali. Idan mai kayan yana nesa, ku ce ya yi duk wannan a kiran bidiyo kuna kallo. Wanda ya ce data ba ta da ƙarfi ko yana kan hanya, ku rabu da shi. Kuma duk wanda ya ce muku yana da BlackBerry sabuwa fil ta bana, ƙarya yake. Na ƙarshe masu Android, KEYone ta 2017 da KEY2 ta 2018, kamfanin TCL ne ya ƙera su, shi ma ya daina a 2020, kuma shirin da wani kamfani ya yi na fitar da mai 5G ya rushe a 2022.

Ba ina kushe waya mai madannai ba ne. Wanda ya saba da ita ya san daɗinta: kana jin harafi a ƙarƙashin yatsanka, kuskure kaɗan ne, lambar asusu da lissafi suna fita daidai, kuma ƙaramin allonta ba ya jan mutum ya wuni yana kallon bidiyo. Ga dattijo irin Baba wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ko ta gaskiyar ce ka samu, ka san abin da za ka tarar. Allon Classic inci uku da rabi ne, kuma murabba'i, alhali yawancin manhajojin yanzu don dogon allo aka tsara su, wasu sai su matse. Madannan ba su da ƙ da ɗ da ɓ, mai rubuta Hausa da ƙa'ida sai ya yi dabara. Idan madanni ɗaya ya mutu ko allon ya fashe, samun kayan gyaransa a kasuwanninmu wahala ne. Akwai kuma na kamfanin Unihertz da ake kira Titan, su sababbi ne gaba ɗaya ba gyararru ba, amma su ma ba masu arha ba ne, kuma sai an yi odarsu daga waje.

Na je bankina na shigar da ƙorafi da rasidan tura kuɗin biyu, na kuma kai rahoto ofishin 'yan sanda, ina kuma haɗa takardu don kai wa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Amsar da na samu zuwa yanzu ita ce an kwashe kuɗin daga asusun tun ranar da suka shiga. Shafin nasa ya sauya suna da hoto, amma bidiyon shi ne dai, muryar ma ita ce, har yanzu kuma cewa yake saura guda bakwai.

Baba bai yi min faɗa ba. Ya ce in bar masa wayar, ya sa ta a durowar shago, wani lokaci yakan ɗauko ta ya danna madannan ko a kashe take.