Bidiyonsu ya yi, amma wajen duba insha'i sun ɓata min rai

Wata huɗu ke nan da na yi wa 'yata rajistar lesin ɗin tarihin nan na intanet da ake ta yaɗawa a gurup ɗin iyaye, kun dai san shi, mai bidiyo da alƙawarin wai malami zai riƙa duba wa yaro amsarsa. Na so in yi shiru har a gama jarabawa, amma mutum uku sun bi ni ta bayan fage suna tambaya ko su biya, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Yarinyar nan ba ta da matsalar hadda. Ka tashe ta cikin dare ka ce yaushe aka sa hannu a yarjejeniyar Versailles, wadda aka yi da Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, za ta ce maka 28 ga Yuni 1919 ta juya ta ci gaba da barcinta. Inda take faɗuwa shi ne tambayoyin majiya, waɗanda ake ba ka guntun jawabi ko wasiƙa ko zanen barkwanci na jarida a ce ka auna shi. Amsarta ɗaya ce kullum, wai majiyar ba abin dogaro ba ce saboda mai maganar yana da son rai, sai ta ɗiga aya. Tambaya mai maki 8 ta kwaso 2, ta dawo gida tana kumbure-kumbure wai malaminsu na makaranta ba ya son ta.

Ranar da na san kuɗina bai tafi a banza ba ina ɗakinta ina ninke kaya, ita kuma ta saki bidiyo na shida a sifika. Malamin ya ɗauko jawabin da Shugaba Kenedi ya yi wa Amurkawa a talabijin ranar 22 ga Oktoba 1962, kan makamai masu linzami da Tarayyar Sobiyet ta girke a Kuba. Ya ce kar wanda ya karanta jawabin tukuna, a fara da ɗan layin nan da kowa ke tsallakewa, mai faɗin wa ya yi magana, yaushe, kuma da wa yake. Sai da aka gama wannan aka karanta, sannan ya jefo tambayar da ta sa na ajiye zanin da ke hannuna: me mutumin nan bai faɗa ba? Bai kira sunan Turkiyya ba, inda Amurka ta riga ta girke nata makaman Jupiter a bakin ƙofar Sobiyet. Bai tuna wa kowa harin Afrilu 1961 ba, wanda Amurka ta ɗauki nauyi don a kifar da Kastiro mai mulkin Kuba aka sha ƙasa. Ko tare jiragen ruwan da ya ba da umarni, kalmar killacewa irin ta masu cuta ya zaɓa, don in ya kira shi toshe teku kai tsaye tamkar ya shelanta yaƙi ne. Malam ya ce to kun gani, son rai ba ya kashe majiya, jawabin nan yana da amfani sosai in kana son sanin yadda gwamnatin Amurka ta so mutanenta su kalli rikicin, amma in dalilin Sobiyet kake nema sai ka haɗa shi da wasiƙar shugabansu ta 27 ga Oktoba wadda ta nemi a kwashe na Turkiyya. 'Yata ta tsayar da bidiyon ta ce, "Umma, ashe abin da suke so ke nan?" Gwajin da suka yi bayan mako biyu 6 ta samu cikin 8. A lokacin da za a ce in ba su tauraro, biyar zan bayar ban yi ƙiftawa ba.

To sai aka zo insha'i, kuma wallahi saboda shi na biya babban tsarin, don ni ba zan iya duba mata ba, rabona da tarihi tun ina sakandare. Bidiyon insha'in uku ne kacal, na majiya kuwa sha huɗu, amma ba laifi, sun ce ka faɗi matsayarka tun a gabatarwa, kowane sakin layi hujja ɗaya, ka daina ba da labari kamar mai tatsuniya, ka riƙa komawa kan tambayar. Ta bi. Tambayar da ta zaɓa ita ce ko yarjejeniyar Versailles ce ta kawo Hitila kan mulki, kuma har zuwa wane mataki. Ta sa agogo minti 45, ta hana kowa shiga ɗakin, ta cika shafi uku. Na karanta, kuma ba don 'yata ce ba, abin ya burge ni. Ta yarda yarjejeniyar ta ƙona wa Jamusawa rai, ga sashe na 231 da ya ɗora musu alhakin yaƙi, ga rage sojoji zuwa 100,000, ga diyyar mak (kuɗin Jamus) biliyan 132 na zinare da aka yanke a 1921. Amma ta ce in da ita kaɗai ce, me ya sa a zaɓen 1928, shekara tara bayan an sa hannu, 'yan Nazi, jam'iyyar Hitila, kujera 12 kawai suka samu a majalisa? Sai da kasuwar hannun jarin Amurka ta rushe a Oktoba 1929, rashin aikin yi ya game Jamus, sannan suka yi tsalle zuwa 107 a 1930, suka kai 230 a Yuli 1932. Ta rufe da naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933.

Muka tura musu. Awa 72 suka rubuta a tallansu za a dawo da gyara. Kwana 19 muka yi muna jira, kullum ta dawo makaranta ko takalmi ba ta cirewa sai ta ce, "Umma, sun turo?" Da ya zo, gyara huɗu ne a shafi uku. Biyu daga ciki "ki ƙara bayani", ba a ce bayanin me ba. Na uku wai ba ta yi maganar toshe Balin na 1948 ba, Hitilan da ya mutu tun 1945, me ya haɗa shi da wannan? Ko makaho ya shafa ya san gyaran wani yaron aka kwafo aka liƙa mata. Na huɗun ne ya tayar min da hankali, an zagaye 1933 da jan layi an rubuta 1934 a gefe. A 1934 shugaban ƙasar Jamus Hindenburg ne ya mutu, cikin Agusta, shi ne Hitila ya haɗe kujerun biyu ya riƙe, amma shugaban gwamnati tun Janairu 1933 ya zama. Abin takaicin, kafin in gani yarinyar ta riga ta bi katunan haddarta da biro ta soke 1933 a wuri biyar, saboda ai malami ne ya faɗa. Sai da muka buɗe littafin makaranta na sa yatsa a kan layin sannan ta yarda da kanta, tana hawaye tana sake gyarawa.

Na yi musu sikirinshot na tura. Amsar farko ta inji ce, mun gode da tuntuɓarmu. Na sake turawa, bayan kwana huɗu wani ya rubuto wai duba insha'i ya danganta da ra'ayin mai dubawa. Ra'ayi? Haba bawan Allah, shekara ma ra'ayi ce? Ba haƙuri, ba a ce an yi kuskure ba, sai dai wai sun ƙara mana duba ɗaya kyauta. Kuma har yau ban san a kan me aka ba ta 13 cikin 25 ba, don ba su turo ma'aunin da suke bin sa wajen rabon maki ba, alhali a bidiyon malamin da bakinsa ya ce kar yaro ya karɓi maki bai ga ma'aunin ba. Ina kyautata zaton shi mai bidiyon bai ma san su waye ke duba takardun ba.

Da na fara rubutun nan niyyata in ba su huɗu saboda darasin Kuban nan, amma yanzu da na tuno har da yadda manhajar ke fitar da mutum a tsakiyar bidiyo sai ya sake sa lambar sirri, gaskiya biyu da rabi. Wanda ɗansa ke fama da tambayoyin majiya ya ɗauki ƙaramin tsarin mai bidiyo zalla, zai amfana. Babban kuwa ni dai ba zan ƙara ba.

Insha'in kyautar mun tura, yau kwana shida shiru, saƙon tunatarwa na sabunta rajista ne dai ke shigowa kowace safiya ba fashi. Shekaranjiya na sa ta kai wa malaminsu na makaranta kwafin na Versailles ɗin, wancan da ta ce ba ya son ta. Yau ya dawo mata da shi, ya cika gefen takardar da jan biro, ya ce sakin layi na biyu ya yi tsawo kuma kammalawar ta yi gaggawa, 1933 ɗin kuwa maki ya sa mata a kai.