Ƙaramin faifai ko babba: gwajin reflink idan wuri ya kusa ƙarewa

A Btrfs da XFS, tsare-tsaren adana fayiloli na Linux, umarnin cp --reflink ba ya kwafe bayanai. Fayiloli biyu ne ke raba gurbi ɗaya, sai an yi rubutu a ɗayansu ake neman sabon wuri. Idan faifai ya kusa cika, a nan kurakurai ke ɓuya.

Ana iya gwada wannan yanayi da ƙaramin faifai ko da babba. Ƙirƙirar ƙaramin faifai a cika shi ita na fi so. Gwajin na da sauri, ana maimaita shi bayan kowane gyara, kuma ENOSPC, saƙon kuskuren da ke nuna wuri ya ƙare, kan fito a inda ake tsammani.

Cika babban faifai da tarin fayiloli ya fi kama da abin da masu amfani ke fuskanta, musamman in ragowar sararin a warwatse yake. Sai dai yana cin lokaci, ga duba lafiyarsa da umarnin xfs_repair ko btrfs check ma wani jiran ne.