Kwalbar gwajin etanol: ƙaramin kayan aiki da ke ƙaryata kwamfutar mota a lokacin sanyi

Abin ba shi da wani kwarjini. Siririyar kwalba ce ta gilashi ko roba, mai murfi, da zane biyu a jiki: ɗaya na ruwa, ɗaya na mai, sai jerin lambobi a tsakani. Shagunan kayan mota a Amurka cike suke da ita da sunaye iri-iri, duk aikinsu ɗaya. Amma ga makanikin da aka kawo wa mota mai shan fetur da E85 (haɗin fetur da etanol, inda etanol ya fi yawa) wadda ta ƙi tashi da sanyin safiya, wannan kwalba ce ya kamata ya fara ɗauka kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya.

Dalilin yana cikin halin etanol. Sai zafi ya kai digiri 78 yake tafasa, kuma idan yanayi ya sauka ƙasa da digiri 13 ba ya fitar da tururin da zai kama wuta. A injin mai sanyi, fetur ɗin da ke cikin haɗin ne ke tada mota. Shi ya sa ƙa'idar ingancin mai ta Amurka, ASTM D5798, ta yarda man da ake kira E85 ya ƙunshi etanol daga kashi 51 zuwa 83, ana rage shi da hunturu. Littattafan motocin kamfanin General Motors (GM) sun ce ƙasa da digiri sifili kada haɗin tanki ya wuce kashi 70. Gidan man da ciniki bai yi masa yawa ba yana iya sayar da ragowar man bazara har cikin Nuwamba, kuma rubutun jikin famfo ba zai nuna ba.

Gwajin minti goma ne. A zuba ruwa mai tsabta zuwa zanen farko, a cika da mai zuwa na biyu, a rufe, a girgiza, a ajiye a tsaye kamar minti biyar. Etanol zai bi ruwa ya kwanta ƙasa, fetur ya tashi sama, iyakar da ke tsakaninsu ita ce amsa. Wanda ba shi da kwalbar yana iya yi da ma'aunin mililita 100: ruwa 50, mai 50. Idan fetur ɗin sama ya tsaya a mililita 10, kashi 20 ke nan, etanol kusan 80. A ɗebi man daga bututun da ke kai wa nozul, domin shi injin ke sha.

Inda kwalbar ta fi kuɗinta shi ne idan aka haɗa ta da sikanar OBD2, na'urar da ake jona wa mota don karanta bayanan kwamfutarta. Motoci da yawa suna nuna kason etanol ɗin da kwamfutarsu ta ɗauka, a lambar bayani 52. A kwatanta biyun. A wajen 2006 GM ta cire sansar auna etanol daga motocinta da dama, kwamfuta ta koma ƙiyasi ta hanyar sansar oksijin da ke auna hayaƙin injin, bayan kowane shan mai. Ƙiyasin yana buƙatar a zuba aƙalla lita 11, a kuma yi tafiyar kilomita 11 nan take. Mai shan mai kaɗan-kaɗan ya tafi gida ya kashe mota, ko mai injin da iska ke kutsa masa ta tsagewar roba, shi ke rikita lissafin.

Idan kwalba ta ce 80, kwamfuta ta ce 15, man da take tura wa injin bai isa ba. E85 yana buƙatar ƙarin kusan kashi 30 a kan fetur, don haka sai dogon juyin kik, mota ta tashi ta mutu, kuma sikana ta nuna lambobin matsala P0171, P0174 ko P0300. Idan kuwa akasin haka ne, tanki fetur, kwamfuta na zaton etanol, za a ga baƙin hayaki, fulogi a jiƙe, da P0172 ko P0175. Wannan na biyun yana iya faɗa wa motocin Amurka masu rawayan murfin tanki (alamar mota mai shan E85) da ake shigowa da su Najeriya, ko da ba su taɓa shan E85 a nan ba. Magani shi ne goge ƙiyasin da sikanar da ke iya ba kwamfuta umarni. Ƙananan masu Bluetooth galibi karatu kawai suke yi.

Idan biyun sun yi daidai a kashi 80 ga kuma sanyi, ba abin da ya lalace, a tsinka man. Lita 10 ta fetur E10 (mai etanol kashi 10) a kan lita 40 ta E80 (mai kashi 80) tana sauke haɗin zuwa kashi 66.

Sai dai kwalbar tana da aibu, kuma ba ƙarami ba. Kwalbar ba ta bambance ruwa da etanol: duk ruwan da ya shiga tanki za ta lissafa shi a matsayin etanol. Sansar kamfanin Continental mai auna etanol a cikin man kai tsaye, ita ma ruwa na ruɗa ta, sai dai takan tona asiri da P0179. Saboda haka a dubi man a gilashi kafin a zuba ruwa. Idan ya yi hazo ko ya rabu biyu da kansa, gwajin ya tashi aiki, tanki za a juye. Na biyu, ruwa da etanol suna ɗan tsukewa idan sun haɗu, don haka kuskuren kashi biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Na uku, wasu kwalaben na masu injin yankan ciyawa ne, ma'auninsu ya tsaya a kashi 30. A duba kafin a saya, a zaɓi mai kaiwa 85 ko 100, kuma ta gilashi mai zanen da aka sassaƙa ta fi, domin fenti a jikin roba mai na cinye shi.

A yi gwajin a ɗaki mai ɗumi, nesa da wuta, saboda mai mai sanyi yana jinkirin rabuwa. Kuma ko me kwalba ta nuna, a auna batir: wanda ya faɗi ƙasa da bolt 9.6 yayin kik yana kawo alamomi iri ɗaya da na mummunan haɗi.