Hutun kwana biyu da uwargida: cikin Kano, Tiga, Daura ko Yankari?

Daga saukowa masallacin Juma'a zuwa la'asar ɗin Lahadi bai wuce awa 50 ba, kuma duk abin da hanya ta ci, a cikin lokacinku ta yanka. Shi ya sa idan ma'aurata mazauna Kano suka tambaye ni inda za su je su sha iska su biyu, bayan an kai yara gidan kaka, ba kyan wuri nake fara dubawa ba. Awa nawa za a yi a mota, shi ne farko. Sai ɗakin kwana.

Mafi sauƙin kuɗi shi ne kada a bar Kano ɗin. Na san za a yi dariya, amma tambayi maƙwabcinka yaushe rabonsa da hawa Dala. Ku kama ɗaki a Nasarawa ko Bompai, Asabar da sassafe ku hau dutsen kafin rana ta buɗe, ku ga tsohon birni shimfiɗe a ƙasa, Goron Dutse na kallonku daga can gefe. Ku sauko ku shiga Gidan Makama, inda Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Amma inda na fi so a daɗe shi ne marinar Ƙofar Mata. Dattijo na tsugune a bakin ramin baba, ya tsoma zane ya ɗago shi kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe shuɗi a gaban idonku, ya sake tsomawa. A gefe kuma ƙarar mabuga ce, bugu kan bugu har zane ya yi ƙyalli. Kuɗin man da aka rage sai ya tafi wajen zanen uwargida da jakar fata a Kurmi. Aibin wannan zaɓi ɗaya ne, kuma babba: dangi na kusa. Waya ɗaya, "ana suna gidan Yaya", hutu ya tashi.

Tiga wurin yini ne, ba na kwana ba, a ganina. Dam ne da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, kimanin kilomita 70 kudu da birni. A ɗauki tabarma da kular abinci, a zauna bakin ruwa, a sayi ɗanyen kifi wajen masunta, a juyo kafin magariba. Kwalekwalen da babu rigar kariya a cikinsa kada a shiga, komai daɗin bakin mai shi. Wanda ke tuna otal ɗin Bagauda na da, da ke kusa da Tiga, kuwa, yanzu makarantar horar da lauyoyi ce a wurin.

Da ni za a bi, Daura za a nufa. Ta Kazaure ake bi, kimanin awa biyu, nisan da ya isa a ji an bar gida, bai kuma kai a isa a gajiye ba. Kowa ya ji labarin Bayajidda da macijiyar da ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, amma kaɗan ne suka leƙa rijiyar Kusugu da idonsu. Tana cikin gini, har yanzu da ruwa, a zura guga a miƙo muku. Daga nan a je a ga fadar Sarki, sai a miƙe Katsina, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai, domin an fi samun zaɓin masauki a can. Da safe ga hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai ɗaruruwan shekaru, ga tsohuwar Kwalejin Katsina inda Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu, wadda aka mayar gidan tarihi. Sharaɗi dai, ba tafiyar dare. Kafin a tashi a tambayi direbobin tasha yadda hanya take a wannan makon, su ne ke binta kullum.

Yankari kuwa ta fi su duka, ba gardama. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ke cikin dajin, garai-garai yake, ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, ko da hunturu. Birai na yawo tsakanin ɗakuna, kuma ɓarayi ne na gaske: ka bar ƙofa buɗe, burodinka ya hau bishiya. Mai son ganin giwa ya je ƙarshen rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi ke taruwa a kogin Gaji. To amma a yi lissafi. Kano zuwa Bauchi kusan kilomita 300 ne, sannan a ƙara fiye da 100 ta Dindima kafin a kai masauki. Zuwa da dawowa ya cinye awa 12 ko fiye, ga mai, ga kuɗin shiga, ga na motar zagaya daji, ga ɗaki. Wannan ta hutun Sallah ce, ko ranar da Litinin ta zo da hutu.

Ko ina aka zaɓa, kada a tura kuɗin ɗaki duka kafin a gani. A kira, a ce su turo bidiyon ɗakin da banɗakin ta WhatsApp, a tambaya ƙarara: ƙarfe nawa ake kashe janareta? Na taɓa biyan ɗaki mai na'urar sanyi a watan Afrilu, sha biyun dare na yi aka ɗauke wuta ɗif. Har asuba ina yi wa uwargida fifita da kwalin kalandar da na ciro daga bango, ita kuma tana lissafa min fankokin da muka baro a gida.