Leonard da Mayweather a ajin fam 147: wa zai kai wani ƙasa?

Ɗan'uwa, ka tambaya: da a ce Sugar Ray Leonard na 1981 da Floyd Mayweather na 2010 za su sa zare a damben boksin a ajin welta, wato fam 147, kusan kilo 66 da rabi, wa zai yi nasara? Ni dai Leonard na ɗauka. Ba don na raina Floyd ba, ga dalilaina.

Mu fara da jiki. Mayweather daga ajin fam 130 ya taso, a can ya ci kambunsa na farko a 1998 a hannun Genaro Hernandez, ya yi ta hawa a hankali har ya iso welta. Shi kuwa Leonard welta gidansa ne. Ya fi Floyd tsawo, hannunsa inci 74 ne, na Floyd 72, kuma naushinsa ya fi nauyi. Ƙari a kan haka, Floyd ya daɗe yana fama da ciwon hannu, tunda ya hau welta yawancin wasanninsa da maki ya ci su.

Wajen kare kai kuwa, gaskiya Floyd ne gaba. Ka kalle shi ya jingina da igiya, ya ɗaga kafaɗar hagu ya ɓoye haɓa, hannun dama na manne da kunci, naushi ya zo ya zame ta kan kafaɗa, kafin mutum ya janye hannu ya sakar masa na dama a fuska. Wasa 50 ba a taɓa cinsa ba, wannan ba sa'a ba ce. Ranar da Shane Mosley ya girgiza shi a turmi na biyu a 2010, gwiwoyinsa har suka lanƙwashe, sai ya riƙe shi ya huce, daga nan ya mallake wasan har ƙarshe. Yana da ƙwaƙwalwa, yana da juriya.

To amma Leonard ya taɓa gamuwa da irin wannan ɗan dambe. A Nuwamba 1979 ya kara da Wilfred Benitez, wanda ake yi wa laƙabi da Radar saboda iya kauce wa naushi. Leonard ya yi ta dukan iska, bai karaya ba. Ya kai shi ƙasa a turmi na uku, ya sake kai shi a na 15, alƙalin wasa ya tsai da damben saura daƙiƙa shida a tashi. Duk mai son ya hango yadda za ta kaya da Floyd, wannan wasan ya kamata ya nema ya kalla. Ka tuna kuma Oscar De La Hoya ya takura wa Floyd a 2007 da naushin hagu mai zungura, har alƙali ɗaya cikin uku ya ba Oscar wasan. Hagun Leonard ya fi na Oscar na wancan lokacin sauri.

Sai maganar abokan karawa, nan ne na fi ba da ƙarfi. Cikin ƙasa da shekara biyu Leonard ya kara da Benitez, da Roberto Duran sau biyu, da Thomas Hearns, dukkansu suna kan ganiyarsu. Duran ya doke shi a Montreal a Yunin 1980 saboda ya tsaya gaba da gaba da shi. Bayan wata biyar ya sauya salo, ya yi ta yawo da shi a fage har Duran ya juya baya ya ce ya fasa a turmi na takwas. A Satumba 1981 Hearns, wanda ba a taɓa dokewa ba, yana gaba a takardun alƙalai ukun, idon Leonard na hagu ya kumbura ya kusa rufewa. Haka Leonard ya taso ya gama da Hearns a turmi na 14. Floyd fa? Mosley na da shekara 38 suka haɗu, Pacquiao na da 36 a 2015. Marcos Maidana, wanda bai kama ƙafar Duran ba, ya matsa masa lamba sosai a wasansu na farko a 2014.

Akwai abin da zan ba masoya Floyd. Zamanin Leonard turmi 15 ake yi a damben kambu, sai bayan rasuwar ɗan dambe Duk Koo Kim sakamakon dukan da ya sha a fage a 1982 aka fara rage shi zuwa 12. Da turmi 12 aka yi da Hearns, da Leonard ya faɗi. Floyd kuwa gwanin tara maki ne a turmi 12, ba ya ɓarnatar da naushi ko ɗaya. A wannan tsarin wasan zai yi zafi, zai iya kwashe turmin farko-farko yayin da Leonard ke laluben hanya.

Duk da haka ban ga yadda zai hana Leonard sakat ba. Salon Floyd ya fi tasiri a kan wanda ya fi shi sanyin hannu ko sanyin ƙafa, Leonard kuma ba ya cikin su. Leonard zai bar dukan kai ya koma dukan ciki da kafaɗa, ya riƙa sakin naushi biyar-shida a jere, ya ƙara wuta a ƙarshen kowane turmi inda alƙalai ke lura. A turmi 12, Leonard da maki, da ƙaramar tazara. A turmi 15 tazarar za ta buɗe, sai dai ban tsammanin bugun kwaf ɗaya, Floyd zai kai ƙarshe a tsaye.