Jaket ɗin fata ya yi fumfuna: me ya kamata ka saya?

Mai babur da ya rataye jaket ɗinsa na fata a bayan ƙofa tun farkon damina, kada ya yi mamaki idan a watan Agusta ya tarar da fari-fari ko kore-kore a kafaɗa da hammata. Fumfuna ce. Danshi take so da inda iska ba ta ratsawa, gumi da maiƙon da fatar ta sha kuwa su ne abincinta. Jaket ɗin gwanjo ma, irin wanda ake kwancewa daga dila a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, yakan zo da warinta.

Kafin ka kashe ko sisi, fitar da shi tsakar gida, ka rufe hanci, ka kakkaɓe shi da burushi mai laushi. Zare robobin kariya na kafaɗa da gwiwar hannu da baya, don a ƙarƙashinsu danshi ke maƙalewa.

Maganin fumfuna mafi arha shi ne farin ruwan khal, wanda tsaminsa yakan kai kashi 5 cikin ɗari. A haɗa shi da ruwa rabi da rabi, a tsoma ƙyalle, a matse sosai, a goge. Jemammiyar fata dama tana da ɗan tsami, shi ya sa khal ba ya yi mata illa sosai. Warinsa na damun wasu, amma yana gushewa in jaket ɗin ya sha iska. Ni da shi zan fara.

Sifirit na kemis ya fi shi saurin aiki da saurin bushewa, sai dai yana tsotse maiƙon fata, kuma yana iya ɗebe rini. Shi ma a sirka shi rabi da rabi, a gwada a cikin lanƙwasar ƙasan jaket ɗin tukuna. Idan ƙyallen ya fito da baƙi, a dakata. Kada ka sayi mai launin shunayya.

Sabulun sirdi, irin na Fiebing's ko Kiwi, datti yake fitarwa, ba shi ne maganin fumfuna ba. Don fata mai kauri aka yi shi, don haka kaɗan ya isa, bayan khal. In kuɗi bai kai ba, tsallake shi.

Inda ya cancanci ka buɗe aljihu shi ne man laushin fata, irin su Lexol. Khal da sifirit duk suna barin fata a bushe, ga hunturu na tafe; jaket ɗin da ba a mayar masa da maiƙo ba, a gwiwar hannu yake fara tsagewa. Mutane kan ce ai man kaɗanya ko Vaseline sun wadatar. Za su sa sheƙi, gaskiya ne, amma suna duhunta launi, suna kama ƙura. Man gyaɗa ya fi muni, domin yana lalacewa a jikin fatar, fumfunar ta dawo ta samu abinci. A shafa man laushin fatar kaɗan-kaɗan, kuma sai fatar ta bushe sarai a inuwa. Rana mai zafi tana ƙandarar da ita.

Hypo, Jik da garin Omo kuwa, kada su kusanci fata ko kaɗan.

Idan jaket ɗinka irin fatar nan ce mai gashi-gashi marar sheƙi, ruwa tabo zai bar mata. Kai wa badukun da ya san aikinta. Sannan ka ja ɗinkin kafaɗa da hannu ka gani. In zaren ya ruɓe ko fatar tana yagewa, ba zai kare ka ba ranar faɗuwa, gara kuɗin man su tafi wajen sayen wani. Wanda ya tsira kuma, a rataye shi a faffaɗar hanga inda iska ke bi, ba cikin leda ba.