Salula ko mita: da wanne za ka gano abin da ya sa sifika ɗaya ta danne ɗaya?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka sayi amfilifaya da sifika biyu na hannu, ka jera su a falonka a Nima, sai ka ji ta hagu tana danne ta dama. Wani ya ce ka sauke manhajar auna ƙara a salula, wani kuma ya ce ka gangara Zongo Lane ka sayi mitar auna wuta ta masu gyara, kana son sanin wacce ta fi.

Ba abu ɗaya suke aunawa ba. Mita tana nuna maka wutar da amfilifaya ta tura wa sifika. Salula kuwa tana nuna abin da ya iso kujerar da kake zaune, bayan sifika ta yi nata aikin, ɗakin ma ya sa hannu. Idan ɗaya kawai za ka mallaka, ni mita zan ce, amma akwai cutar da mita ba ta gani sam, kuma zan zo kanta.

Kafin ka taɓa aljihu, yi gwajin musanya, don shi ne ke raba gardama. Idan daga salula kake saka karatu ko waƙa, duba saitinta tukuna. Android da iPhone duk suna da wurin karkatar da sauti hagu ko dama, a sashen da aka yi don masu matsalar ji, kuma yara kan taɓa shi ba a sani ba. A nan ɗin akwai maɓallin mono. Kunna shi, don abu ɗaya ya tafi ɓangarorin biyu. Duba balans na amfilifaya ma, wato nata abin karkatar da sauti, ya zauna a tsakiya. Sannan ka kashe wuta, ka musanya wayoyin shiga, masu kawo sauti cikin amfilifaya, ja da fara. Idan rauni ya koma ɗaya sifikar, laifin na wayar shigar ne ko na'urar da ke ba da sautin. Idan bai motsa ba, mayar da su, ka musanya wayoyin sifika a bayan amfilifaya, akwatunan na nan inda suke. Rauni ya ƙaura? To amfilifaya ce. Ya tsaya a akwatin da yake? Sai a tuhumi akwatin, ko wayarsa, ko wurin da aka ajiye shi. Don Allah kada ka yi wannan da wuta a kunne, domin silin waya ɗaya da ya taɓa ɗan'uwansa ya isa ya ƙona transiston da ke cikin amfilifaya.

Yanzu salula. Alherinta shi ne tana hannunka, ba ka biyan ko sidi ɗaya. Mutane kan ce makirufon salula ba a daidaita shi ba, lambar da yake bayarwa ba gaskiya ba ce. Haka ne, har ma hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, da ta fitar da tata manhajar auna ƙara a 2017, iPhone kaɗai ta yi wa, saboda salulolin Android kowane kamfani da irin makirufonsa. Amma kai ba ka neman sanin ko desibel 78 ne na haƙiƙa (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Bambanci kake nema tsakanin hagu da dama, kuma idan salular ta yi kuskure, kuskure iri ɗaya za ta yi wa duka biyun.

Inda take yaudara shi ne ɗaki. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka sautin gwaji na 1000 Hz, wato mai bugawa sau 1000 a daƙiƙa, tsawon kowane bugunsa santimita 34 ne kacal. Yana dukan bango ya dawo, a wani wuri ya ƙaru, a wani ya soke kansa. Ka gusar da salula tafin hannu ɗaya, lamba ta sauya da desibel da yawa, alhali babu abin da ya sami sifika. Shi ya sa ba a auna ɗaki da sauti mai amo ɗaya. Ana amfani da ƙarar "shuuu" irin ta rediyon da bai kama tasha ba, wadda masu sauti ke kira fink noyis. Ɗora salular a kan kujera, kada ka riƙe ta a hannu. Auna mita ɗaya cif daga fuskar kowane akwati, da tef ko da zare, saitin tsayin ƙaramar sifikar sama. Nisa ba abin wasa ba ne: a fili, duk ninkin nisa yana cin desibel 6. Kunna ɓangare ɗaya, rubuta, kunna ɗayan ba tare da ka taɓa bolum ba. Kashe fanka, ka bari sai bayan isha'i da hayaniyar trotro ta lafa, domin idan ƙarar gwajin ba ta ɗara ta unguwa da aƙalla desibel 10 ba, titi kake aunawa. Ba sai ka tashi maƙwabtan gida ba, matsakaiciyar murya ta isa.

Ko da ka yi duk wannan, bambancin desibel 1 a salula ban ɗauke shi hujja ba. Daga 3 zuwa sama kam akwai magana, don desibel 3 rabin ƙarfi ne.

Mita ba ruwanta da ɗaki, ba ruwanta da fanka, ba ruwanta da wanda ke daka a tsakar gida. Saka sautin 50 Hz, wato daidai da bugun wutar gida a Gana, domin a nan ne ko mita mai araha take da gaskiya. Idan amo ya yi sama sosai, da yawansu sukan fara rage lamba. Juya ta zuwa bolt na AC, wato awon wuta mai kai-komo irin ta soket, ka ɗora tsinkenta biyu a kan ja da baƙi na sifikar hagu, ka murɗa bolum a hankali har ta nuna bolt 2. Hakan rabin wat ne a sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin juriyar sifika ga wuta), ba zai cutar da ita ba. Kada ka sake taɓa bolum, koma dama. Idan ka ga 1.9, lafiya lau, bai kai rabin desibel ba. Idan 1.8 ne, kusan desibel 1 ke nan. Idan 1.4 ne, desibel 3, ɓangaren na ba da rabin ƙarfin ɗan'uwansa. Idan bolt 1 ne, desibel 6. A nan gani ya kori ji, ba wanda zai ce maka kunnenka ne.

Abu biyu nake so ka riƙe a kan mita. Na farko wajen saye. Ƙananan nan mafi araha, irin DT830, ma'aunin AC ɗinsu daga bolt 200 yake farawa. Don duba wutar soket aka yi su, bolt 2 ya yi musu ƙanƙanta, za su ba ka lamba marar kan gado. Nemi wadda ke da matakin bolt 2 ko 20 a AC, ko mai zaɓar mataki da kanta, ka duba da idonka kafin ka biya. Na biyu, ka yi awon alhali sifika na jone. Mita kusan ba ta jan wuta, don haka idan bakin rile, wato makunnin da ke haɗa sifika a cikin amfilifaya, ko maɓallin zaɓen sifika ya yi tsatsa, za ta nuna komai daidai matuƙar babu kaya a kai. Sai sifika ta ja wuta laifin ke fitowa.

Wani abin da mita ke yi wanda salula ba za ta yi da kyau ba: maimaita awon a bolum ƙasa-ƙasa, da tsakiya, da ɗan sama. Abin murɗa bolum faifai biyu ne a kan sanda ɗaya, ɗaya na hagu ɗaya na dama, kuma sau da yawa ba sa tafiya tare a farkon murɗawa. Idan bambancin ya yi yawa a ƙasa amma ya ɓace da ka ƙara, ka kama mai laifi. Wannan ya fi damun masu saurare da dare a hankali. Dabarar wucin gadi ita ce ka rage murya a salula, ka ƙara a amfilifaya, don bolum ya fita daga wurin da yake ɗingishi. Idan kuma yana ƙarƙar in an murɗa, ko ɓangaren ya ɗauke ya dawo, datti ne. Ƙurar hunturu da danshin gishirin teku na Akra ba sa barin ƙarfe, kuma kayan hannu sun riga sun sha zama a sito da kwantena kafin su sauka Tema. Feshin wanke maɓallan lantarki, a cire fulogi, a murɗa sau da yawa, yakan warkar. Kada a zuba man inji ko kananzir a ciki.

Sai juriya. Cire wayoyin akwati, juya mita zuwa om. Sifika mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 kuwa wajen 3. Abin dubawa shi ne su biyun su yi kusa da juna. Idan ɗaya ta nuna 6.5 ɗaya 3.4, ba tagwaye ba ne, ko da akwatunan iri ɗaya ne. An taɓa sauya wufa, wato babbar sifikar ƙasa, ko an naɗa mata sabon koyil da wayar da ba tata ba. Ban raina masu naɗi ba, suna ceton kaya masu yawa, amma idan ɗaya aka naɗa aka bar ɗaya, da wuya su sake yin murya ɗaya.

To ga inda mita ta makance. Tuwita, ƙaramar sifikar sama, tana bayan wani ɗan kayan lantarki a cikin akwatin da ake kira kafasita, kafasita kuwa ba ta barin wutar batirin mita ta wuce. Don haka tuwita na iya ƙonewa ƙurmus, mita ta nuna maka om 6 lafiya ƙalau, bolt 2 a kowane ɓangare. A kunne kuwa akwatin ya dushe, harufa irin "s" da "sh" na mai karatu sun ɓace, sai mutum ya ce muryarsa ta ragu. Kuma tuwita ce ke fara mutuwa idan aka murɗe ƙaramar amfilifaya har sauti ya fashe, kamar yadda ake yi ranar suna ko biki. Nan salula ta yi nasara: saka "shuuu" ɗin, kai ta dab da tuwitar kowane akwati, ko ka kara kunnenka kawai. Haka ma mita ba ta gani idan soson da ke kewaye da wufa ya ruɓe saboda danshi, ko an juya ja da baƙi a ɓangare ɗaya. Na ƙarshen nan batirin tocila mai bolt 1.5 ke tona shi: ɗan taɓa kan batirin da ja, gindinsa da baƙi, wufa ta yunƙuro waje, kuma duka biyun su yi haka.

Idan mita ta ce daidai, salula a nisan mita ɗaya ma ta ce daidai, amma a kujerarka hagu na rinjaye, ɗaki ne. Akwatin da ke lungu bango biyu ke tara masa bes, wato amo mai kauri, wanda ke gefen buɗaɗɗiyar taga ko labule kuwa sautinsa na zurarewa. Musanya wurarensu ka gani. In ba za su matsu ba saboda ƙuncin falo, murɗa balans kaɗan, don haka aka yi shi, ba aibi ba ne.

Akwai kuma kunne, kuma ba da wasa na faɗa ba. Zauna a tsakiya ka juya wa sifikun baya. Idan raunin ya bi kunne ɗaya duk inda ka juya, asibiti za ka nufa, ba wurin mai gyara ba. Wani lokaci dattin kunne ne kawai, amma idan jin ya ragu farat ɗaya, kada ka kwana biyu kana jira.

Idan awo ya nuna amfilifaya ce kuma feshi bai yi ba, kada ka buɗe cikinta, manyan kafasitocinta na riƙe wuta ko bayan an cire fulogi. Kai ta wurin mai gyara da lambobinka a takarda: bolt na hagu da na dama a matakai uku na bolum, da om na kowane akwati. In kuwa naɗi za a yi, ɗauki akwatunan biyu, ya daidaita maras lafiyar da mai lafiyar.